Wane fanni zan kama don sayar da ilimi a intanet?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in fara sayar da littattafan PDF da darussan bidiyo, amma na rasa fannin da zan kama. Wasu sun ce in bi abin da nake sha'awa, wasu sun ce in bi inda kuɗi suke. Ta yaya ake gane fannin da zai yi ciniki kafin mutum ya ɓata watanni yana rubutu?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Wanda matsala ta hana barci shi ne mai saye, don haka daga matsala za ka fara. Lafiya, neman kuɗi da zamantakewar iyali ba sa rasa masu saye, sai dai manya sun riga sun cika su. Ka tsuke abin. "Rage ƙiba" ya yi faɗi da yawa. "Motsa jiki na minti 15 ga ma'aikacin ofis mai ciwon baya" ya nuna wa kake nufi da abin da zai samu.

In ka tsuke, shiga Google Trends, shafin da ke nuna yadda ake binciken kalma a Google, ka sa kalmar fanninka ka duba shekara 5 baya. Lambobin 0 zuwa 100 da yake nunawa ba yawan masu bincike ba ne, kwatanci ne da lokacin da aka fi neman kalmar. Layin da ya miƙe ko yake hawa a hankali shi ake so. Wanda ya yi tsalle sau ɗaya ya faɗo, yayi ne, kafin ka gama littafi ya wuce. Daga nan ka buɗe Ad Library na Meta, rumbun tallace-tallacen Facebook da Instagram, yana nuna ranar da kowane talla ya fara. Tallan da ya yi wata 3 ko 4 yana gudana alama ce yana mayar da kuɗinsa, don ba mai ci gaba da biyan abin da yake faɗar da shi.

Sabon Shiga:
Na gode. To in na samu fannin da ba kowa a cikinsa fa? Ba shi ya fi ba?

Malamar Zaure:
A'a ƙanena, nan ne tarkon. Yawanci wasu sun gwada ne suka ga ba mai biya, suka fita. Inda ake gasa nan masu saye suke. Je ka Amazon, inda ake sayar da littattafai, ko Udemy, dandalin sayar da darussan bidiyo, ka karanta sharhin masu ba da tauraro 2 da 3. Masu 5 yabo kawai suke yi, masu 1 fushi ne. Na tsakiya su ke faɗin abin da suka nema ba su samu ba, kuma abin da za ka rubuta ke nan.

Kuma kada ka rubuta komai tukuna. Yi shafin intanet guda, ka faɗi sakamakon da mai saye zai samu da ranar fitowa, ka sa maɓallin biya. "Zan saya in ya fito" ba ciniki ba ne. In mutum 300 da abin ya shafa sun shiga ba wanda ya biya, canza alkawarin ko ka bar fannin. In kaɗan suka biya har ka fasa, ka mayar musu da kuɗinsu nan take.

Mai Lissafi:
Ƙari kan maganar Malama, a lissafa kason dandali. Udemy yana ba malami kashi 97 in ɗalibi ya zo ta lambar rangwamensa, amma kashi 37 in Udemy ne ya kawo ɗalibin. Saboda haka fannin da kake da hanyar kaiwa ga mutanensa da kanka ya fi riba nesa ba kusa ba. In lafiya ka zaɓa, ka yi hattara da alkawarin warkarwa, Facebook na ƙin irin wannan talla, har ya rufe asusun tallan mutum.