Ƙuri'ar Matiyas ko ƙuri'ar akwati, wacce ce ta manzanni?

Baban Godiya: Salama 'yan'uwa. Ina da magana kafin zaɓen dattawan nan ya zo kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Ni a ganina wannan abin da muke yi na rubuta suna a takarda a jefa a akwati wanda ya fi yawan mutane shi ya ci, ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo shi ba, daga 'yan siyasa muka kwaso. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 1, da aka nemi wanda zai maye gurbin Yahuza ba wanda ya ƙirga hannu, addu'a suka yi suka ce Ubangiji kai ka san zuciyar kowa ka nuna mana wanda ka zaɓa, suka jefa ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas shikenan. Babu kamfen babu bin gida-gida da dare. Me zai hana mu koma kan wannan?

Maman Rahila: Toh ai mu ma ƙuri'ar muke jefawa Baban Godiya, ko ba ita ba ce?

Ɗalibin Tauhidi: Mama a nan ne Hausa ke rikita mu, kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita. Ta sura 1 ba ta ƙidayar mutane ba ce, irin wadda aka raba ƙasar Kan'ana da ita ce a zamanin Joshuwa, kuma da ita Zakariya uban Yahaya ya samu shiga ƙona turare a Haikali, Luka 1:9. Ba ra'ayin kowa a ciki, abin da ya fito shi ke nan. Don haka Baba yana da gaskiya cewa ba irin tamu ba ce.

Baban Godiya: Yauwa. Kuma Karin Magana 16:33 ta ce mutum ne ke jefawa amma hukuncin na Ubangiji ne.

Malamin Lahadi: Yaya ka tsallake ayoyi da yawa fa kafin ka iso ga ƙuri'ar. Mutum wajen 120 ne a wurin, Bitrus ya tashi ya fara da Nassi, Zabura 69 da 109, sannan ya kafa sharaɗi mai tsauri, dole ya zama wanda yake tare da su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama, domin aikinsa shaidar tashin Almasihu ne. Da wannan rariyar aka tace, mutum biyu kawai aka tsayar, Yusufu da ake kira Barsaba ko Yustus, da Matiyas. To wa ya tsayar da su? Mutanen da suka san su ne shekara da shekaru. Ƙuri'ar ta zo ne a ƙarshe tsakanin mutum biyu da ko wanne ta faɗa wa ba asara. Ba wai an zuba sunan kowa da kowa a ƙwarya aka girgiza ba.

Ɗan Sabon Rai: Ni kuma na taɓa jin wa'azi an ce kuskure ma Bitrus ya yi da gaggawa, wai Bulus ne Allah ya shirya ya cike gurbin, shi ya sa ba a sake jin sunan Matiyas ba har ƙarshen littafin

Ɗalibin Tauhidi: Wannan maganar tana yawo amma ba ta da ƙafa. In rashin ambato ne hujja to Andarawus da Toma da Matiyu ma ba a sake kiran sunansu ba bayan sura 1, su ma kuskure ne? Kuma a Ayyukan Manzanni 2:14 Luka marubucin littafin ya ce Bitrus ya tsaya tare da sha ɗayan nan, a 6:2 ya ce sha biyun, ka ga ya ƙirga da Matiyas ba tare da wata shakka ba. Abin lura a wurina daban ne, daga ranar Fentikos ba a sake jefa irin wannan ƙuri'ar ba a Sabon Alkawari gaba ɗaya, ko sau ɗaya.

Baban Godiya: Ba a sake ba, amma an hana ne? Nuna min ayar da ta hana.

Ɗalibin Tauhidi: Babu ita Baba, ba zan ƙirƙiro ba.

Maman Rahila: Ni bari in kawo wadda ta fi taɓa ni, sura 6. Rigimar abinci ce fa, gwaurayen mata masu jin Helenanci ana tsallake su a rabon yau da kullum, masu jin Ibrananci kuma suna samu, wato dai irin abin da muka sani ne na wannan namu ne wannan ba namu ba. Manzanni ba su ce a jefa ƙuri'a ba kuma ba su shiga ɗaki su kaɗai sun fito da suna ba, cewa suka yi 'yan'uwa ku duba a cikinku ku fitar da mutum bakwai masu kyakkyawar shaida cike da Ruhu da hikima. Taron ne ya zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Kuma mijina ya taɓa nuna min cewa duk bakwai ɗin sunan Helenanci gare su, su Istifanas da Filibus har da Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ba Bayahude ba ne ma. Ka ga mutanen da aka yi wa rashin adalci daga cikinsu aka ɗauko masu riƙe ludayin. Wannan tsakuwa a ƙwarya ba za ta yi shi ba, sai mutane masu ido da tausayi.

Baba Dattijo: Madalla 'yata. Ina karantawa tun ɗazu.

Baban Godiya: Maman Rahila na yarda da sura 6, amma su taronsu cike yake da Ruhu, mu fa? Wancan zaɓen da ya wuce ina zaune a gidana bayan sujadar yamma mutum uku suka shigo min, ba gaisuwa ta kawo su ba, cewa suka yi kada in bar kujerar ma'aji ta fita daga hannun mutanenmu. Mutanenmu! A gidan Allah. Na kwana ban yi barci ba. Kuma wanda duk mun san ya fi kowa riƙon amana bai kai ko'ina ba saboda danginsa ba su da yawa a garin nan. Wannan ne ya sa nake cewa a cire hannun mutum gaba ɗaya.

Malamin Lahadi: Wannan abin ya faru kuma abin kunya ne, ba mai musu. Amma Yaya ko an koma ƙuri'arka sai an tsayar da sunayen da za a jefa, masu bin gida-gida kawai za su koma bin kwamitin tantancewa ne. Ciwon bai tafi ba wuri ya canza.

Ɗalibin Tauhidi: Kuma in muka bi littafin gaba za mu ga ba hanya ɗaya suka bi ba. A Antakiya sura 13 annabawa da masu koyarwa suna cikin sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, duk da haka sai da suka ƙara azumi da addu'a kafin su ɗora musu hannu. A 14:23 Bulus da Barnaba ne suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya, nan ma da addu'a da azumi. Titus kuma Bulus ya bar shi a Karita ya naɗa dattawa gari-gari ya ba shi jerin halaye, haka Timoti. In ka karanta jerin nan a 1 Timoti 3 kusan duka abin da maƙwabci da matar mutum da abokin cinikinsa ne za su iya shaida, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai karɓar baƙi, mai iya riƙe gidansa, har waɗanda ba sa cikin ikilisiya su yi masa kyakkyawar shaida. Wa zai san wannan in ba jama'a ba?

Ɗan Sabon Rai: To bayan manzanni sun rasu fa, yaya aka ci gaba?

Ɗalibin Tauhidi: Akwai wani ɗan littafin koyarwa na farko-farko da ake kira Didake, ya ce wa ikilisiyoyi su zaɓar wa kansu bishof-bishof da masu hidima, masu tawali'u marasa son kuɗi waɗanda aka gwada. Wajen shekara ta 96 kuma ikilisiyar Roma ta rubuta wa ta Koranti wasiƙar da ake danganta wa Kilemen, saboda 'yan Koranti sun tsige dattawansu ba da laifi ba, a ciki aka ce shugabanni manya ne ke naɗa su amma da yardar ikilisiya duka. Sai Sifiriyan bishof na Kartaj a ƙasar da take Tunisiya yanzu, wanda aka kashe saboda bangaskiya a 258, shi ya rubuta cewa a zaɓi bishof a gaban jama'ar da suka san rayuwar kowa, bishof-bishof na kusa su zo, kuma jama'a suna da ikon ƙin wanda bai cancanta ba. A wurinsa hukuncin Allah da shaidar limamai da muryar jama'a tafiya ɗaya suke.

Baban Godiya: Kai ɗana ka faɗi mai daɗin kawai. Ba a taɓa samun matsala da muryar jama'ar ba?

Ɗalibin Tauhidi: An samu Baba, mummuna ma. A Roma a 366 magoya bayan Damasus da na Ursinus suka yi faɗa kan kujerar bishof, wani marubucin tarihi da ba Kirista ba ya rubuta cewa gawa 137 aka kwasa a cikin majami'a a rana ɗaya. A Milan kuma a 374 gwamna Amburos ya shiga coci ne don ya kwantar da rikicin zaɓe sai taron ya ɗauki kiran sunansa, alhali ko baftisma bai yi ba, cikin kwana kamar takwas aka yi masa baftisma aka naɗa shi bishof. Ya zama babban malami, ta hannunsa shahararren malamin ikilisiya Agustin ya yi baftisma, amma ka ga an tsallake gargaɗin Bulus na kada a ɗauki sabon shiga.

Baban Godiya: Toh ka gani. Mutum 137. Ni kuwa ban taɓa jin an kashe wani a kan ƙuri'ar Matiyas ba, Yusufu Barsaba ba a ce ya ja mutanensa ya buɗe tasa ikilisiyar ba.

Baba Dattijo: Baban Godiya ba kai kaɗai ke da wannan tunanin ba, Kiristocin Kibɗawa na Masar har yau da shi suke naɗa babban shugabansu. A Nuwamba 2012 a Alƙahira an rufe wa wani yaro ido ya sa hannu ya ɗauko suna ɗaya cikin uku, Tawadros na biyu ya fito. Amma ka san yadda aka kai ga ukun? Sai da aka tantance aka rage zuwa biyar, masu zaɓe sama da 2,000 suka kaɗa ƙuri'a irin tamu ta akwati aka rage zuwa uku, aka yi azumi, sannan yaron. Su ma ba su cire hannun mutum ba. Ni na yi shekaru a majalisar dattawa, abin da ya fi damuna a duk ayoyin da ɗalibin nan ya jero ba ƙwarya ba ce ko akwati, azumin ne. Da muna samari kafin zaɓe sai an kira azumi ana kwana a coci, a karanta Timoti da Titus da ƙarfi a gaban kowa da sunayen mutanen a allo, a ce duk mai magana a kan wani ya zo ya sami fasto shi da shaidu. Yanzu sanarwa ce kawai tsakanin baiko da albarka, mu dattawa mu muka bari ya mutu.

Maman Rahila: Baba wannan gaskiya ce. Kuma mu mata mun fi kowa sanin wanda gidansa ba lafiya amma ba a tambayarmu sai ranar jefa takarda.

Malamin Lahadi: Amma a yi hankali da wannan ma kada ya zama hanyar ɓata suna, Bulus ya ce wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku.

Baban Godiya: Ban sauka daga maganata ba fa. Na yarda a tace, na yarda jama'a su kawo sunaye, na yarda da azumi. Amma in an rage zuwa mutum biyu da duk suka cika sharuɗɗan, ni har gobe na fi so a durƙusa a yi addu'ar nan ta sura 1 a jefa, da a ce wane ya fi wane da hannu huɗu alhali mun san yadda aka samo huɗun.

Ɗalibin Tauhidi: Ni kuma ina tsoron kada mu fake da ita mu guje wa nauyin da Ruhu ya ɗora mana na rarrabewa, in shugaban ya lalace kowa ya ce ba ruwana Allah ne ya ɗauko shi. Amma in an yi kunnen doki tsakanin mutum biyu nagari ba zan ce zunubi ba ne.

Baba Dattijo: Tsarin mulkin ikilisiya ba a wannan zauren za a canza shi ba, sai an kai majalisa. Azumin kuwa ba ya bukatar izinin kowa. Zan sami Rabaran gobe bayan addu'ar safe in roƙi kwana uku kafin ranar zaɓen, Baban Godiya ka zo mu je tare ka faɗa masa maganar mutum ukun nan da bakinka.

Baban Godiya: Zan zo Baba. Ƙarfe nawa?

Baba Dattijo: Shida da rabi.

Maman Rahila: Ku faɗa masa zumuntar mata za su ɗauki daren farko, kuma a kafe sunayen a allo tun wannan Lahadin ba sai ana gobe ba.