Neman shawara: OpenLDAP ya ƙi karɓar kalmar sirri bayan na girka shi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na girka slapd (sabar OpenLDAP) da ldap-utils (kayan aikin magana da ita) a kwamfutar tebur mai Ubuntu 22.04 don koyon aikin LDAP, wato tsarin ajiyewa da neman bayanan masu amfani a sabar. Lokacin girkawa kalmar sirrin admin kawai ya tambaye ni. Yanzu idan na gwada shiga, na buga ldapwhoami -x -D "cn=admin,dc=gwaji,dc=lan" -W sai ya ce Invalid credentials (49). Na sake girkawa sau biyu, ba ta canza zani ba. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, da wuya laifin kalmar sirri ne. Lamba 49 tana fitowa ko da sunan da ka bayar bayan -D ne ba daidai ba, sabar ba ta bambance maka. Da ka girka, slapd ya ɗauki sunan yanki daga sunan kwamfutarka. Kwamfutar tebur galibi ba ta da cikakken suna, sai ya sa dc=nodomain. Ka ga kenan kana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba a gina ba. Buga wannan ka gani da idonka:

ldapsearch -x -H ldap://localhost -b "" -s base namingContexts

Mai tambaya: Gaskiyarka. Ya nuna dc=nodomain.

Amsa ta farko: To shi ke nan. Buga sudo dpkg-reconfigure slapd. Tambayar farko ita ce ko a tsallake saitin, ka ce a'a. A wurin sunan yanki rubuta gwaji.lan, shi zai zama dc=gwaji,dc=lan. Sai sunan ƙungiya, sai kalmar sirri sau biyu. Idan ya tambaya ko a matsar da tsohon rumbun bayanai, ka amince. Zai kwashe abin da ke /var/lib/ldap ya ajiye a /var/backups. Sake girkawa da apt remove bai taimake ka ba ne saboda ba ya goge saiti, kuma ko ka goge, sunan kwamfutar yana nan yadda yake.

Amsa ta biyu: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Gyara layin 127.0.1.1 a /etc/hosts ya ɗauki cikakken suna, sannan ka tabbatar da hostname -f. Kuma kada ka kuskura ka buɗe fayilolin /etc/ldap/slapd.d ka gyara da hannu. Kowanne yana ɗauke da lambar tantancewa a samansa, da ka taɓa sai slapd ya fara ƙorafi. Da ldapmodify ake canza su, ta -Y EXTERNAL -H ldapi:/// tare da sudo.

Amsa ta uku: Idan bayan haka saƙon ya koma Can't contact LDAP server (-1), wannan wata magana ce daban: sabar ce ba ta tashi ba. Duba journalctl -u slapd. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai wata manhaja, kamar Samba, ta riga ta riƙe tashar 389 da LDAP ke amfani da ita, wanda sudo ss -tlnp zai nuna maka, ko kuma fayilolin /var/lib/ldap sun koma mallakar root maimakon openldap saboda an yi slapadd (umarnin zuba bayanai kai tsaye cikin rumbu) da sudo. Maganin na biyun: sudo chown -R openldap:openldap /var/lib/ldap, sai ka sake tayar da slapd.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Bayan dpkg-reconfigure, ldapwhoami ya dawo da dn:cn=admin,dc=gwaji,dc=lan. Allah ya saka da alheri.