Me za mu kira "bearer cheque" da "crossed cheque" da Hausa?

Akawu, Agege: Assalamu alaikum. Mutanenmu na Alaba Rago da Mile 12 suna karɓar cek daga 'yan sari, amma sunayen nan biyu har yau da Turanci muke faɗinsu. Na kawo shawara: na farko buɗaɗɗen cek, na biyu sokakken cek.

Ɗan canji, Marina: Wa alaikumus salam. Malam, "sokakke" ba zai yi ba sam. Ka ce wa ɗan kasuwa an soke cek, zai ɗauka an kashe shi ne, ya yaga. Alhali layi biyun da ake ja a fuskarsa, galibi a kusurwar hagu ta sama, cewa kawai suke kada a biya tsabar kuɗi a kan kantar banki, sai dai a zuba a asusu. Mu dai cek mai layi biyu muke cewa.

Hajiya, Idi-Araba: Na yarda da mai layi biyu. Shi ma "buɗaɗɗe" akwai gyara, Malam Akawu. Duk cekin da ba a ja wa layi ba buɗaɗɗe ne, ko da an ɗaure shi da sunan mutum ɗaya. Wani ma zai zaci wanda aka sa wa hannu ba a rubuta adadi ba ake nufi. Abin da ya bambanta "bearer cheque" shi ne banki zai biya wanda ya zo da shi. Ya faɗi a cikin motar haya ta danfo, wanda ya tsinta ya riga ka zuwa banki, sai dai haƙuri, in ba ka yi maza ka sa mai asusun ya dakatar da shi ba. Ni cekin mai riƙe zan ce.

Ɗan canji: Hajiya, ya zauna. Ƙari kaɗan: ba kishiyoyi ba ne. Ana iya ja wa cekin mai riƙe layi biyu, ya koma sai ta asusu, amma asusun duk wanda ya riƙe shi. In ana so a toshe wannan ƙofar, sai a rubuta "A/C payee only" tsakanin layukan, wato asusun mai sunan kaɗai. In kuma sunan banki aka rubuta a tsakani, ta wannan bankin kaɗai za a karɓa.

Akawu: To wanda ba shi da asusu fa, aka ba shi mai layi biyu?

Hajiya: Ya koma wurin wanda ya rubuta. Shi kaɗai ke iya buɗe shi: ya rubuta "pay cash" kusa da layukan, ya sa cikakken hannunsa irin wanda banki ya sani. Wani ya goge layin da kansa, a dawo da cekin. A kuma duba kwanan wata, don in ya wuce wata 6 ya tsufa, kuma tun 2010 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya hana cekin da ya haura naira miliyan 10 bi ta musayar cek tsakanin bankuna.

Akawu: Na janye nawa. Cekin mai riƙe, cek mai layi biyu. Wanda aka ɗaure da suna kuma, cekin mai suna, in babu mai ja.