Shawarwarin Masu Renon Ƙananan Furannin Okid a Gida

Bakin masu renonsu ya zo ɗaya: yawancin ƙananan okid a jikin bishiya suke rayuwa, don haka kada a binne saiwarsu cikin ƙasa, ruɓewa za ta yi. A samu ɓawon itace mai kaushi, a shimfiɗa 'yar gansakuka, a ɗora tsiron, a ɗaure da zaren fatsa ba tamau ba. Idan sabuwar saiwa ta kama ɓawon, sai a kwance.

Wajen ban ruwa aka fi ja-in-ja. Ni dai ina tare da masu cewa a jiƙa da safe, da ruwan sama in da hali, ya bushe kafin dare. Lokacin hunturu a ƙara feshi. Mazauna wuri mai zafi su fara da irin okid da ake kira Tolumnia, don wadda ake kira Masdevallia galibi 'yar tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ce, sanyi take so.