Neman shawara: koyar da kiɗe-kiɗen duniya a ƙaramar kwaleji a Amurka

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina gab da kammala digiri na uku a wata jami'a a Amurka, a fannin nazarin kiɗe-kiɗen al'ummomi, kuma kundina a kan makaɗan fada ne, masu kotso da taushi, waɗanda na zauna da su a ƙasar Sakkwato da Zamfara. Wata ƙaramar kwaleji da ke karantar da masu digirin farko kaɗai, wadda ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, ta gayyace ni ganawa kan aikin koyarwa na shekara biyu. Suna so in riƙe kwas ɗin gabatar da kiɗe-kiɗen duniya, in kuma kafa rukunin ɗalibai masu kiɗa da hannunsu. Damuwata biyu ce: ban taɓa taka Indiya ko Indonesiya ba, balle in tsaya gaban aji in yi bayanin kiɗansu, sannan ina tsoron yawan darussa ya binne binciken da na shafe shekaru a kansa. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa ta farko, daga wata malama da ta daɗe a irin wannan kwaleji

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Damuwarka ta farko duk wanda ya riƙe wannan kwas ya sha ta, domin babu malamin da ya zaga duniya kafin ya koyar da shi. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne ɗaukar nahiya guda a kowane mako, har zango ya ƙare ɗaliban ba su riƙe komai ba sai sunayen kayan kiɗa. Daga baya na rage misalan zuwa huɗu, na ɗaure su da tambaya guda: wane ne ke ɗaukar nauyin makaɗi, kuma me yake samu? A nan iliminka na fada zai yi maka rana, domin wanda ya fahimci dangantakar makaɗi da ubangidansa yana da ƙofar shiga gamelan, wato kiɗan taro na kayan ƙarfe da ake yi a fadojin Yogyakarta da Surakarta a tsibirin Java na Indonesiya, da kuma kiɗan arewacin Indiya wanda sarakuna suka daɗe suna renonsa. A ganawar za su sa ka koyar da darasi guda a gaban ɗalibai, kuma a irin kwalejojin nan, su Grinnell da Carleton da Bowdoin, wannan darasi yana da nauyi ƙwarai, tun da yawancin 'yan ajin masu karanta tattalin arziki ne ko kimiyya, ba kiɗa ba. Ka sa su tafa, ka sa su saurara, sannan bayani ya biyo baya.

Amsa ta biyu, daga wani makaɗi mai koyarwa

Malam, ni batun rukunin ɗaliban ne ya fi jan hankalina. Tun zamanin Mantle Hood a Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA), wanda ya dage a 1960 cewa mai nazarin kiɗan wasu sai ya koyi buga shi, aka saba haɗa aji da aikin hannu. Jami'ar Wesleyan da ke jihar Connecticut ta yi nisa a wannan hanya, inda Abraham Adzenyah na Ghana ya shafe sama da shekara 40 yana koyar da ganguna. Saboda haka idan mutanen kwalejin suka ce kiɗan Afirka, galibi gangunan Ewe na Ghana ne a ransu. Ka faɗa musu gaskiyar abin da hannunka ya iya. Idan kalangu ne, ka tambaye su ko akwai kuɗin sayen kaya da gyaran fata, domin busasshiyar iskar ɗakunan da ake dumamawa lokacin hunturu tana lalata ta, da kuma ko za a lissafa rukunin cikin darussanka ko kuwa ƙari ne a kansu.

Amsa ta uku, daga wani da ya yi aikin wucin gadi

Yaya Malama ta yi gaskiya, sai dai ni damuwar mai tambaya ta biyu ce ta fi tsaya mini. Aikin shekara biyu ba shi ne matakin da ke kai mutum kujerar dindindin ba, wadda bisa al'ada ake duba cancantarta a shekara ta shida. Na yi irinsa, ina riƙe darussa uku a kowane zango, kuma tun kakar shekarar farko na koma rubuta takardun neman wani aikin, kundina kuwa yana ajiye. Ɗan uwa, ka karɓa idan an ba ka, amma kafin ka sa hannu ka nemi abu uku a rubuce: adadin darussa, kuɗin halartar taron shekara-shekara na ƙungiyar masana fannin, wadda aka kafa a 1955, da matsayin kwalejin kan takardar izinin aikinka, tun da damar aikin da bizar ɗalibta ke bayarwa bayan kammala karatu wata 12 ce a fanni irin namu.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, idan ba damuwa, zan turo miki tsarin darasin gwajin kafin ranar ganawar, kuma na yanke shawarar in gina shi a kan kirarin da ake yi wa sarki da kotso.