Wakilan kasuwanci na gwamnati: ina amfaninsu ga ƙaramin ɗan kasuwa?

Mai Citta, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayo busasshiyar citta daga Kaciya da zoborodo daga ƙauyukan Jigawa, ina kai wa manyan dillalai a Dawanau, su kuma su sayar wa masu fitarwa waje. Tun a watan Janairun 2025, da na ji a rediyo cewa Birtaniya ta naɗa wata 'yar majalisarta, Florence Eshalomi, a matsayin wakiliyar kasuwanci a Najeriya, wata tambaya take cina.

Mene ne ainihin aikin irin wannan wakili, kuma me ya bambanta shi da jakadan da yake zaune a Abuja? Shin mu ma muna da irinsu a ƙasashen waje? Abin da ya fi damuna kuma shi ne, ko mutum kamata, wanda jarinsa bai wuce buhu ɗari biyu ba, yana da rabo a cikin wannan harka.

Ba haka kawai na yi tambayar ba. Na taɓa zuwa wani taro a wani otal a Kaduna, inda aka ce wata tawagar kasuwanci ta zo daga waje. Na sa babbar rigata, na ƙulla samfurin citta a leda, na zauna tun ƙarfe tara har bayan La'asar ina sauraron jawabai. Da aka tashi na kutsa na miƙa wa ɗaya daga cikin baƙin ledar, ya shinshina, ya yaba, ya ba ni katinsa. Saƙo uku yarona ya aika masa ta imel, har yau ko gaisuwa ba a amsa ba. Ina roƙon masana su warware mini.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aikin gwamnati a ɓangaren ciniki har na yi ritaya, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

Mutum uku ne jama'a suke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai jakada, wanda yake wakiltar ƙasarsa a kan komai, tun daga siyasa da tsaro har zuwa biza. Akwai jami'in kasuwanci da yake zaune a ofishin jakadanci, ma'aikaci ne mai albashi, shi ne yake tattara bayanan farashi da dokoki, yake amsa wasiƙun kamfanoni, ya kuma san wane ofishi ne yake riƙe da wace takarda. Na ukun shi ne wanda ka ji a rediyo. Wannan ba mazauni ba ne, zuwa yake yi ya koma, kuma ƙarfinsa yana cikin sunansa da kusancinsa da shugabannin ƙasarsa.

Tsarin Birtaniya ya soma ne a 2012, zamanin Firaminista David Cameron. Ana zaɓo wakilan daga cikin 'yan majalisun ƙasar biyu, ba a biyansu albashi a kan wannan aiki, sai dai gwamnati ta ɗauki nauyin tafiye-tafiyensu. Kafin Florence Eshalomi, John Howell ya riƙe Najeriya, sannan Helen Grant ta karɓa a 2020.

Kai Bazazzagi ne, don haka ka san abin da ake kira iso a fada. Baƙo komai arzikinsa ba ya faɗawa gaban Sarki kai tsaye, sai an yi masa iso. To, aikin wakilin kasuwanci iso ne. Shugaban wani kamfanin injuna daga Ingila yana iya shafe wata shida yana neman ganin minista bai samu ba, amma idan ya shigo cikin tawagar wakilin gwamnatinsa, a rana ɗaya zai zauna da minista da gwamna da shugaban hukumar zuba jari. Haka kuma wakilin yana ɗaukar koke-koken kamfanonin ƙasarsa ya kai inda za a saurara. Ka tuna lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen sama na waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har Emirates ta dakatar da zuwa a 2022? Irin wannan matsala ba manajan kamfani ne yake warware ta ba, sai gwamnati ta yi magana da gwamnati.

Sai dai kada ka manta da wanda ya aiko shi. Wakiliyar Birtaniya an naɗa ta ne domin kamfanonin Birtaniya su sayar da kaya su kuma sami kwangila a nan, da kuma domin masu kuɗinmu su kai jari can. Idan cittarka ta amfana, to albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin Baturen nan Hugh Clapperton, ɗan aiken gwamnatin Birtaniya, da ya isa Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, maganar ciniki tana cikin manyan abubuwan da suka kawo shi, kuma ba domin fataken Kano aka turo shi ba.

A namu ɓangaren, aikin ya rarrabu ne a hannun hukumomi. Hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, an kafa ta a 1976, kuma ita ce taka. Hukumar jawo masu zuba jari, NIPC, ta zo a 1995. Ofishin da yake tattauna yarjejeniyoyin ciniki a madadin ƙasa an buɗe shi a 2017 ƙarƙashin marigayi Ambasada Chiedu Osakwe, sannan muna da ofishin ciniki a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan wanda yake wakiltarmu a Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. A jihar Kaduna kuma akwai hukumar jawo masu zuba jari ta jiha, KADIPA.

Hajiya Mai Zoborodo, Samaru

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninku ya gamsar, amma ina so in koma kan ledar Alhaji, domin a nan ne matsalar take, kuma ni ma na taɓa riƙe irin wannan leda.

Alhaji, baƙon nan bai raina ka ba. Abin da ya shinshina ya yi masa daɗi, amma babu abin da zai iya yi da shi. Lokacin da na fara neman mai saye a waje, na aika da samfurin zoborodo mai kyau, ja wur, wanda ni da 'ya'yana muka tsince da hannu a tsakar gida. Amsar da ta dawo ba ta ko ambaci kyansa ba. Tambayoyi ne jere: nawa ne ma'aunin danshinsa, wane ɗakin gwaji ne ya auna, ina takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da take duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa, ina rajistata da NEPC, kwantena nawa zan iya cikawa a wata, kuma ta wane banki zan buɗe fom ɗin NXP, wanda mai fitar da kaya waje yake cikewa. A lokacin ko rajistar kamfani ba ni da ita. Na zauna da takardar a hannu har aka kira Magariba, ban iya amsa ko ɗaya ba.

Game da wakilan kuwa, ra'ayina ya rabu biyu. Yawancin tarukan da ake kiranmu a kansu, hoto ne da shan shayi da sa hannu a kan takardar fahimtar juna, wadda ba ta ɗaure kowa da komai. Amma akwai wurin da babu mai iya shiga sai su. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, sinadarin nan da yake cikin fiya-fiya. Duk wanda ya taɓa shiga sito a lokacin kaka ya ga yadda wasu suke yayyafa shi a kan wake kafin a ɗinke buhu. Da haramcin ya sauka, ya haɗa da mai tsafta da marar tsafta. Haka Mekziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoborodonmu, ta taɓa rufe ƙofa saboda wani ƙwaro da aka gani a cikin kaya, kuma mu da muke harkar mun ga yadda farashi ya faɗi a Dawanau. Shekaru aka ɗauka jami'an ƙasashen biyu suna kai da komo, ana shirya yadda za a riƙa turara kayan kafin lodi, sannan aka dawo da ciniki. Babu ɗan kasuwar da zai iya wannan shi kaɗai, ko da kuwa yana da tirela ɗari.

Saboda haka ni wakilin da nake nema ba mai jawabi ba ne. Ina neman wanda zai tafi da sunan kaya guda ɗaya a aljihunsa, ya zauna da hukumar da ta hana shi shiga, ya dawo mana da jerin sharuɗɗa a rubuce.

Malam na Kongo

Zan taɓo ɓangaren zuba jari, wanda ba a yi maganarsa sosai ba, alhali shi ne rabin aikin.

Jihar nan ta daɗe da sanin amfanin zuwa neman masu jari. Masaƙar Kaduna ta farko, KTL, ta fara aiki a 1957 ne da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, David Whitehead & Sons, kuma audugar da ta riƙa ci har da ta ƙasar Zazzau. A zamaninmu kuma, taron zuba jari na Kaduna da aka fara a 2016 yana cikin abubuwan da ake dangantawa da zuwan kamfanin Olam, wanda ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Cikun a 2017. Manomin masara da waken soya a Giwa ko Soba bai taɓa gaisawa da wani wakili ba, amma ya sami sabon mai saye. Wannan ita ce hanyar da amfanin yake bi ya iso ga talaka, a kaikaice kuma a makare.

Amma duk wanda ya bi ta Kakuri ya ga masaƙun nan a rufe, zai gane iyakar abin da wakili yake iyawa. Yana iya kawo mai jari har ƙofar gida, sai dai tambayoyin da mai jarin zai yi ba wakili ne yake amsa su ba: awa nawa ake samun wuta, lafiyar hanya yaya take, idan na ci riba zan iya mayar da ita dala in fitar, kuma idan muka yi rigima da abokin hulɗa shekara nawa shari'ar za ta ɗauka? Wannan ne ya sa auna nasararsu yake da wuya, domin idan ciniki ya ƙaru kowa yana cewa aikinsa ne, idan ya ragu kuma a ɗora wa canjin kuɗi.

Akwai kuma buƙatar sa ido a kan abin da ake sa wa hannu. A watan Fabrairun 2024 Kemi Badenoch, wadda a lokacin ita ce sakatariyar kasuwancin Birtaniya, ta zo ta ƙulla yarjejeniyar haɓaka ciniki da zuba jari da ministarmu ta lokacin, Doris Uzoka-Anite. Nan take Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta tayar da jijiyar wuya a kan maganar barin lauyoyin Birtaniya su yi aiki a nan, har ministar ta fito ta janye abin da ta faɗa da farko. Lauyoyi suna da ƙungiya mai murya, shi ya sa aka ji su. Masu citta da masu fata fa, wa ya karanta takardar a madadinsu?

Wani abu da ya kamata Alhaji ya sani shi ne, tun watan Yunin 2023 Birtaniya ta fara aiki da tsarin da ya rage ko ya cire harajin shiga a kan dubban kayayyakin ƙasashe masu tasowa, kuma Najeriya tana ciki. Rangwamen yana nan, amma sai mai takardun da Hajiya ta lissafa ne yake cin moriyarsa.

Mai Citta, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fahimci dalilin shirun baƙon nan. Amma buhu ɗari biyu nawa, musamman bayan cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, ba kullum suke samuwa ba, balle in yi alƙawarin kwantena duk wata. Ta ina mai irin ƙarfina zai fara?

Baba Tsohon Ma'aikaci, Tudun Wada

Ta inda kakanninka suka fara, Alhaji. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba ɗai-ɗai suke tafiya ba, ayari suke haɗawa a ƙarƙashin madugu, kuma shi ne yake magana da sarakunan hanya a madadin kowa. Idan ofishin jakadanci zai shirya wa wakili ganawa, ba ya neman sunayen 'yan kasuwa a kasuwa, yana rubuta wa cibiyoyin ciniki da ƙungiyoyin masu kaya ne su turo mutane. A jihar nan cibiyar ita ce KADCCIMA, wadda take shirya baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna. Ku haɗu ku goma ko goma sha biyar masu citta, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, ku karɓi takardar NEPC da sunanta, ku shiga cibiyar. Ku kuma bincika tashar jiragen ruwa ta tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018, wato wurin da ake loda kwantena a kuma kammala takardun kwastam ba tare da an je bakin teku ba, ku ji ko za ta rage muku wahalar kai kaya Legas.

Hajiya Mai Zoborodo, Samaru

Ƙari a kan maganar Baba, kafin ku kashe ko kwabo a kan rajista, ku fara auna kayanku. Citta tana yawan faɗuwa a gwaji ne saboda shanyar ƙasa, wadda take kawo yashi da fumfuna, don haka ku sa masu shanya muku su koma kan tamfol ko gado. Ku ɗebi kilo biyu daga buhuna daban-daban, ba daga bakin buhu ɗaya ba, ku zuba a jakar takarda mai tsafta maimakon leda, domin leda tana tara gumi, sannan ku kai ɗakin gwajin da masu saye a waje suke amincewa da sakamakonsa. Idan sakamakon ya fito, Alhaji, ka sa yaronka ya sake rubuta wa mai katin nan, ya haɗa da takardar gwajin da adadin tan ɗin da ƙungiyarku za ta iya tarawa a kaka ɗaya.