Neman shawara: madabod da fankar da za su ɗauki i5-12600K a zafin Sakkwato

Mai tambaya, daga Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na walima, kuma tsohuwar kwamfutata ta gaji, fitar da bidiyon awa guda sai ta cinye mini rabin yini. Yayana ya aiko mini da firosesa Intel Core i5-12600K sabuwa a kwalinta. Ina da RAM DDR4 guda biyu masu 8GB, da katin hoto GTX 1660 Super, da tsohon akwatin da nake son ci gaba da amfani da shi. Madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, da fankar sanyaya firosesa suka rage.

Burina in ƙara mata gudu, wato obakulok, tunda an ce amfanin harafin K ɗin ke nan. Wani mai kaya ya nuna mini bod B760 mai sauƙin kuɗi, ya ce duk ɗaya ne da mai Z. Wani kuma ya ce idan ba na'urar sanyaya mai ruwa na sa ba, ƙonewa za ta yi. Shagona rufin kwano ne, babu AC, fankar sama kawai, wuta kuwa sola da inbata, sai janareto in aiki ya yi yawa. Don Allah wanne zan saya? Kuɗin da ƙyar na tara su, ba na son in saka su inda ba za su amfane ni ba.

Mai gyaran kwamfuta, titin Sarki Yahaya:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne ko kusa. B660 da B760 za su ɗauki firosesarka su yi aiki lafiya, har RAM ma suna barin ka kunna masa XMP ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa. Amma lambar da ake ɗagawa a ƙara wa firosesa gudu a kulle take a kansu. Sai Z690 ko Z790. Tunda taka ƙarni na 12 ce, wanda ya fito a ƙarshen 2021 tare da Z690, to Z690 ya ishe ka, kana dasawa za ta tashi ba sai ka sabunta BIOS ba, wato manhajar da ke cikin bod mai tada kwamfuta da riƙe saitinta.

Ka buɗe ido a kan RAM. Bod ɗin LGA1700, wato mai irin mazaunin da firosesarka ke shiga, iri biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, kuma ramin wannan ba ya karɓar wancan, tsagar da ke ƙasan RAM ɗin ma ba wuri ɗaya take ba. Ka nemi wanda aka rubuta DDR4 ko D4 a sunansa, kamar MSI PRO Z690-A DDR4, ko Gigabyte Z690 UD DDR4, ko ASUS TUF Gaming Z690-Plus D4. Kowanne cikinsu ya fi ƙarfin buƙatar i5.

Abin da nake fara dubawa a bod shi ne gefen hagu da saman mazaunin firosesa, inda ake jera ƙananan na'urorin da ke sauke wutar bolt 12 zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da firosesa ke sha. Su ake kira VRM. Idan ka ga an ɗora musu ƙarfe mai kauri mai tsaga-tsaga, an ɗaure da noti ta baya, madalla. Idan tsirara suke, ajiye shi. Su ma zafi suke yi, kuma in suka ɗau zafi bod da kansa zai rage wa firosesa gudu, kana zaune kana zargin fanka. In na hannu za ka saya, ka haska tocilan waya cikin mazaunin, ka karkata bod ɗin a hankali. Allurai 1,700 ne a ciki, a jere suke ƙyalli iri ɗaya, wadda ta lanƙwashe za ka ga haskenta ya bambanta. Ko guda ce kada ka karɓa.

Wani dattijo injiniyan lantarki, Runjin Sambo:

Ƙanena, maganar bod an gama ta, ban da abin ƙarawa. Ni ɗakinka nike tunani. Yawancin gwajin fanka da kake gani a YouTube, cikin ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 anka yi shi. Mu nan Afrilu da Mayu zafi shina haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano da azahar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, zafin firosesa take ɗauka ta miƙa wa iskar ɗaki. In iskar ta ƙaru da digiri ashirin, firosesa ma kusan ashirin ɗin za ta ƙaru. Wanda ya nuna maka 75 a ɗakinshi, kai 95 za ka gani da kaya iri ɗaya. Ita kuwa wagga firosesa iyakarta 100, tana kaiwa nan sai ta rage gudu da kanta don ta tsira. Ba ƙonewa za ta yi ba kamar yadda anka tsorata ka, amma gudun da ka kashe kuɗi dominshi zai tafi, kuma daidai lokacin da kake fitar da aiki.

Ka lissafa da wanga kuma. Intel ta rubuta mata wat 125, in ta buɗe wuta ta kai 150, ba tare da ka taɓa komi ba. Da ka fara ƙara boltej, wutar da take sha ba tafiya ɗaya suke da shi ba, ninkin kanshi take bi. Ƙarin kashi goma na boltej shina kawo sama da kashi ashirin na zafi, tun ba a sa ƙarin gudun cikin lissafi ba. Saboda haka in kuɗi sunka yi kaɗan, ka rage a bod, kada ka rage a fanka da akwati.

Wani matashi mai wasan kwamfuta, Arkilla:

Baba ya yi gaskiya, shi ya sa ni nake ganin mai ruwa ce maganin. Arctic Liquid Freezer II mai lagireto 360 nake da ita a kan i7, ba ta taɓa ba ni kunya ba, ga shiru. Oga ka daure ka cika kuɗi.

Mai gyaran kwamfuta:

Kayanka mai kyau ne, amma ɗakinka da AC, na sani ko ban sani ba? Ruwan da ke ciki ba ya sauka ƙasa da zafin ɗaki, dokar da Baba ya faɗa ta hau kansa shi ma. Sannan ka tuna hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan buɗe kwamfutocin mutane in tarar da lagireto ya toshe da jar ƙura ta yi dam kamar auduga, saboda tsagoginsa sirara ne ƙwarai. Famfon ruwan kuma in ya mutu, nan take zafi ke harbawa sama, kuma ba a gyara shi, sai ka jira wani daga Legas ko Kano aikin mutane na hannunka. Fankar iska ƙarfe ne da bututun jan ƙarfe, abin da zai lalace a jikinta farfela ce kawai, mai milimita 120 kuwa ko a nan garin za ka samu. Ga i7 ko i9 masu shan wat 250 ba na musu da kai. Ga i5, mai hasumiya biyu ta wadatar: Thermalright Peerless Assassin 120, ko DeepCool AK620, ko Noctua NH-D15 in aljihu ya yarda. Dukkansu bututu shida ne. Ƙaramar fanka mai bututu huɗu irin Hyper 212 za ta riƙe ta a gudunta na asali, amma ban ba ka shawarar obakulok a kanta ba.

Matashin Arkilla:

Akwai AC kam, Oga. Na karɓi gyara.

Wata ɗaliba mai karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Yaya, ina so ka san ribar da kake nema kafin ka biya mata. Firosesarka tana da manyan ƙwayoyi shida da ƙanana huɗu. A yadda ta zo, ƙwaya ɗaya takan taɓa 4.9GHz, in duk manyan suna aiki tare kuma suna zama wajen 4.5. Masu obakulok yawanci 5.0 suke kai su. Ka ga ƙarin bai wuce kashi goma da ɗan wani abu ba, kuma ba dukkansa zai bayyana a aikinka ba. Bidiyon da ke fita a minti talatin, ka ce ka rage minti biyu ko uku.

Akwai abubuwa biyu da za su fi wannan taimakonka. Na farko RAM, 16GB ya yi wa haɗa bidiyo kaɗan, ka kai shi 32. Na biyu, tunda taka K ce ba KF ba, tana da nata ɓangaren hoto a ciki, UHD 770, mai Quick Sync, wato sashen da ke hanzarta aikin bidiyo. Ka tabbata yana kunne a BIOS ko da ka sa katin hoto, domin Premiere Pro na amfani da shi wajen karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda kyamarori da wayoyi ke ɗauka.

Ban ce kada ka yi obakulok ba. BIOS na bod ɗin Z yana barin ka adana saiti fiye da ɗaya. Ka yi na hunturu, lokacin da safiya ke sanyi, ka ɗaga gudu a hankali, 100MHz kowane mataki. Ka yi na bazara, ka bar gudun yadda yake, ka ɗan rage boltej, za ka ga zafi ya sauka aiki bai ragu ba. Kowane mataki ka gwada da manhajar gwaji Cinebench R23 na minti goma, manhajar HWiNFO a buɗe kana kallon zafi, in kwamfutar ta jure sai ka bi da wata manhajar gwajin, OCCT, na awa guda. Kuma da rana tsaka za ka gwada, a shagon, ba da asuba ba. Ni ba na son in ga ya wuce 85 a aiki mai tsawo, boltej kuma kada ya haura 1.35. Ka sani kuma Intel ta ce obakulok na iya soke garanti.

Wani mamba, Gawon Nama:

Ni na ji an ce firosesocin Intel na lalacewa da kansu. Me zai hana ya sayar ya koma AMD? Firosesarsu Ryzen ko a bod B550 ana ƙara mata gudu.

Ɗalibar jami'a:

Maganar B550 haka take, Malam. Amma matsalar da ka ji ta ƙarni na 13 da na 14 ce, wadda ta yi ƙamari a 2024 har Intel ta fitar da gyaran BIOS ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Ƙarni na 12 ba ya ciki. Abin da ke hannunsa mai kyau ne, kyauta kuma ya same shi, sayarwa asara ce.

Dattijo injiniya:

Saura wuta, ƙanena. Firosesar da anka ƙara wa gudu ba ta haƙuri da wuta mai rawa. Ka sayi fawa saflai, wato akwatin da ka ba kwamfuta wuta, na kirki mai wat 650, mai shaidar 80 Plus, ba irin marar nauyin nan da ka zowa cikin akwati ba. Ka duba inbatarka ko mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda anka rubuta pure sine wave a jikinta, don sabbin fawa saflai ba su shiri da ɗayar. In za ka koma janareto, UPS, na'ura mai batur da ka riƙe wuta in ta ɗauke, ya kasance tsakani. Ranar da za ka sabunta BIOS kuwa, ka tabbata batur cike yake, ɗaukewar wuta a tsakiyar wanga aiki na iya kashe bod.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Baba, na duba inbatar, irin wadda ka ce ce. Na tsaya a kan Z690 mai DDR4 da Peerless Assassin, abin da ya ragu in ƙara RAM. Obakulok sai hunturu in Allah ya kai mu. Tambaya ɗaya ta rage, tsohon akwatina zai ɗauki wannan fankar? Gabansa a rufe yake, farfela ɗaya ce a baya.

Mai gyaran kwamfuta:

Ɗauko tef ka auna daga inda bod ke kwanciya zuwa murfin gefe. Fankar ta kusa milimita 160 a tsaye, ga kaurin bod da firosesa a ƙarƙashinta, in ba ka samu kamar 175 ba murfin ba zai rufu ba. Amma ko ta shiga, akwati mai rufaffen gaba ba na Sakkwato ba ne. Ka nemi mai raga a gaba da matacin ƙura da ake zarewa a wanke, farfela biyu ko uku suna shigo da iska, ɗaya tana fitarwa ta baya, ka kuma ɗora shi kan tebur, kada ya zauna a ƙasa. Wajen sayen fankar ka sa a buɗe kwalin a gabanka ka ga ƙarafan ɗauri na LGA1700, don ramukansa sun fi na tsofaffin bod tazara, tsohon kaya yawanci ba ya hawa. A gindin fankar akwai farar leda manne, ka ɓare ta kafin ka ɗiga man firosesa. In ka auna ka turo mana lambar.